Godiyar da ta Ci Aikin Surajo

Idan ka taɓa zama a Dutse Alhaji da ke Abuja, ta wajen layin masu kayan miya, to ka san Surajo ko da ba ka san sunansa ba. Shi ne siririn mutumin nan mai ɗan gemu da yake tuƙa bas ɗin 'yan makaranta mai ruwan ɗorawa, wanda ko akuya ce ta tsaya masa a tsakiyar titi ba ya danna mata hon, sai ya jira ta gama shawararta ta wuce. Shekara tara ya yi yana wannan aiki a wata makarantar kuɗi da ke Gwarinpa, ta wata mata da ake kira Madam Prudence, kuma a tsawon shekarun nan ko madubin gefe bai taɓa fasawa ba. Yanzu in ka gan shi, a ƙafa za ka gan shi, da fayil ɗin roba a hammata, takalminsa ya cinye ta gefe ɗaya.

Haifaffen Abaji ne. Mahaifinsa Bazazzagi ne da fataucin doya ya kawo shi garin ya zauna. Surajo bai yi nisa a boko ba, daga aji uku na sakandare ya bi motocin doya na hanyar Lokoja, a nan hannunsa ya faɗa. Da ya kawo ƙarfi ya auri Safara'u, 'yar maƙwabtansu, suka tattaro suka dawo Abuja, Allah ya ba su 'ya'ya mata biyu, Ikhlas da ƙanwarta Zulai. Babban abin alfaharinsa a duniya shi ne Ikhlas tana karatu a makarantar da yake aiki, domin Madam tana ba kowane ma'aikaci gurbin yaro ɗaya. Kullum da safe a kujerar da ke bayansa take zama, da 'yar jakarta a cinya, tana gyara masa Turanci.

Da yake yaran da yake ɗauka na hanyar Bwari ne da Kubwa, an yarje masa motar ta riƙa kwana a wajensa. A harabar masallacin unguwa yake ajiye ta, kowa yana gani. Nan fa abin ya samo asali.

Wata Asabar cikin damina aka wayi gari da rasuwar Inna Yelwa, tsohuwar da ke gidan da yake kallon nasu. Ɗanta, Alhaji Badaruddeen, babban ma'aikaci ne a wata ma'aikatar gwamnatin tarayya, mutum mai kamala, wanda ba a taɓa jin muryarsa sama ba. Ita kuwa Inna, ita ce ta zauna da Safara'u a haihuwar Zulai, ta yi mata ruwan wanka, ta dama mata kunun kanwa har aka yi arba'in. Tun asuba ake tsuga ruwa ran nan. Motar gawa ta masallaci watanta biyu a gareji, maƙabarta kuma tana can bayan duwatsu, hanya duk ta zama taɓo. An yi wanka, an yi sutura, an sallace ta, mutane sun yi cirko-cirko a baranda kowa yana latsa waya yana neman mota. Liman bai yi doguwar magana ba. Ya dubi bas ɗin da ke tsaye a gabansu ruwa yana dukanta, ya dubi Surajo, ya ce, "Malam Surajo, makullin yana kusa?"

To kai mai karatu gaya mini, a gaban gawa, a gaban dattawan unguwa, wane baki mutum zai buɗe ya ce a'a? Makullin a aljihunsa yake. Aka zura makara ta tsakanin kujeru, dattawa suka zazzauna a kujerun yara gwiwoyinsu suna tokare da na gaba, aka kai Inna gidanta na gaskiya. Da aka dawo ya wuni yana wanke motar da omo da ruwan zafi, ya goge kowace kujera, ya bar tagogi a buɗe har Lahadi. Ran Litinin ya ɗauki yara kamar kullum, ba wanda ya ji ko ƙanshin wani abu. Da a nan maganar ta tsaya, da yau ba ni da labarin da zan ba ka.

Amma Alhaji Badaruddeen mutumin kirki ne, kuma kirkin nasa irin na mutanen da ne. A wajensa, duk wanda aka mori abinsa ranar mutuwa, dole a taka ƙafa a je har inda yake a yi masa godiya. Bai gaya wa Surajo ba, don so yake uwar ɗakinsa ta ji alherinsa daga bakin manya, wa ya sani ko a ƙara masa girma. Ran Laraba ya saka babbar riga, ya ɗauki liman da mai unguwa, da ledar dabino da goro, suka nufi Gwarinpa.

Madam Prudence ta tarbe su da fara'a, ta ɗauka yara suka kawo. A ɗakin baƙi aka zaunar da su, inda iyaye uku ko huɗu suke jiran ganinta. Alhaji ya gyara murya ya fara, da Turancinsa mai kyau na ofis. Wallahi da da Hausa ya yi, da rabin maganar ta zube a hanya. Amma ina, dalla-dalla ya zayyana komai: yadda aka rasa mota, yadda direbanta ya nuna tarbiyya, yadda makara ta shiga daidai tsakanin kujeru kamar an auna. Ya rufe da addu'ar Allah ya ƙara wa makaranta albarka, liman da mai unguwa suka shafa. Madam ta tambaya wace mota, wace gawa. Wata mata da ɗanta yake zama a kujerar baya ta miƙe tsaye jakarta ta faɗi.

Kafin la'asar zauren hirar iyaye na waya ya kama da wuta. Washegari aka miƙa wa Surajo takarda, an rubuta an kore shi saboda babban laifi, ya yi amfani da motar makaranta ba da izini ba. A yi wa Madam adalci, ba muguwar mata ba ce. Iyaye sama da ashirin ne suka rantse za su cire 'ya'yansu. Idonta ya yi ja da take magana da shi. Ta tambaye shi me ya hana shi kiranta ran nan. Ya sunkuyar da kai, domin ya san da ya kira cewa za ta yi a'a, kuma da ta ce a'a ɗin ma sai ya ɗauka. Gurbin Ikhlas ya bi aikin. A ranar ya riƙo hannunta suka fito ta babbar ƙofa, suka tsaya bakin titi suna jiran motar haya.

Daga nan ya shiga neman aiki, kuma a nan ya san akwai wani ɗan layi a jikin kowane fom, bai fi tsawon yatsa ba, inda ake tambayar dalilin barin aikinka na baya. Duk sauran layukan ba sa ba shi tsoro. Lasinsa mai kyau ne, idonsa garau, Abuja kuwa ya san ta lungu-lungu. Amma da ya iso wannan layi sai biro ya yi masa nauyi.

Da farko gaskiya ya faɗa. A wani otal ne a Jabi, suna neman mai ɗauko baƙi daga filin jirgi. Mai intabiyu yana ta murmushi yana gyaɗa kai, har Surajo ya ambaci gawa. Mutumin ya ɗan ja kujerarsa baya, ya ajiye fayil ɗin da yatsu biyu, ya ce za su kira. Wuri na biyu dariya aka yi masa, har aka kira wata daga ofishin kusa ta zo ta ji da kunnenta. Ya tsaya yana maimaita labarin Inna Yelwa ga mutanen da suke riƙe ciki, ya fito zuciyarsa tana tafasa, bai san da wa zai yi fushi ba.

Sai Sadisu, mai shagon kwamfuta da ke buga wa mutane takardun neman aiki a bakin kasuwa, ya ce ai Surajo ne ya cika gaskiya. A Abuja wa yake faɗin an kore shi? Ya goge shekara taran nan kaf daga takardar, ya rubuta cewa Surajo noma yake yi a ƙauyen Paikon Kore. Da wannan Surajo ya je wani kamfanin gine-gine. Suka duba suka ce mutumin da ya yi shekara tara bai riƙe sitiyari ba, su ba za su ba shi mota ba, ya je ya sake koyo. Ka ji fa. Mutumin da yake juya doguwar bas a layin da keke-napep ke shan wahala, shi ake cewa ya je ya koyi tuƙi, kuma ba shi da bakin musu, don da hannunsa ya miƙa takardar.

Sadisu ya sake dabara, ya mayar da shekarun, ya rubuta cewa Surajo ne ya ajiye aiki don kansa. Wannan ita ce ta fi ciwo. Wata ƙungiya ce mai zaman kanta a Wuse, matar da ke tambayarsa ta ɗauki waya a gabansa, ta kira makarantar, ta saka a sifika. Yana zaune ya ji muryar sakatariyar da ya sha rage wa hanya tana karanto takardar korarsa kalma-kalma. Matar ba ta zage shi ba. Cewa kawai ta yi da ya faɗi gaskiya da ta duba lamarinsa, amma maƙaryaci ba ta iya aiki da shi. Ya rasa ta inda zai fita, har ƙofar banɗaki ya buɗe a maimakon ta waje. Tun daga ranar ya rantse ba zai sake ƙarya a kan maganar nan ba.

Zama bai yiwu ba, dole aka saki ɗakunan haya. Safara'u ta kwashi yara ta tafi Abaji gidan yayanta, aka ce hutu za su yi. Hutun nan ya cinye salla biyu. Ba ta taɓa yi masa gori ba, amma macen da ke zaune a ɗakin matar wa da 'ya'ya biyu ba sai ta yi magana ba, a muryarta ake ji. Ikhlas tana gida, Safara'u ta ƙi saka ta a makarantar can, don a ganinta ranar da aka ɗinka wa yarinyar nan yunifom ɗin Abaji, to an zauna ke nan. A ƙarshe yayanta ya sa baki, ya ce yarinya ba za ta sake rasa zango ba. Safara'u ta kira shi ta gaya masa a hankali: in an koma makaranta ran Litinin ta sama ba wani labari, za ta kai ta a rubuta sunanta.

Shi kuwa Alhaji Badaruddeen, tun ranar da ya gane abin da godiyarsa ta haifar bai sake samun sukuni ba. Ya koma makarantar sau biyu ba da haƙuri, a na biyun masu gadi suka hana shi shiga. Shi ya ba Surajo ɗakin zaurensa yake kwana. Kuma shi ne garanto ɗinsa, wato mai tsaya masa, domin a Abuja ba kamfanin da zai danƙa maka mota sai babban ma'aikacin gwamnati mai mataki na goma sha biyu ko sama ya sa hannu, ya manna hotonsa, ya ce ya san ka. Surajo bai san wani mai wannan matsayi ba sai shi. Alhaji ya sa hannu har hotunansa suka ƙare ya je ya sake ɗauka. Matsalar ita ce ƙarshen watan nan zai yi ritaya, kuma sa hannun ɗan fansho ba ya aiki a fom.

Ana haka aka ji wani kamfanin rarraba magunguna a Idu yana neman direba. Ran Talata Surajo ya goge rigarsa mai dogon hannu ya tafi, da fom na ƙarshe da Alhaji ya sa wa hannu. Su goma sha ɗaya ne. Shugaban direbobin, wani mai ƙiba da furfura da ake kira Oga Thaddeus, mutumin Kafanchan, ya jera robobi a fili ya ce kowa ya shiga da mota da baya ta tsakaninsu. Da aka zo kan Surajo, sau ɗaya ya kalli madubi ya zura ta, ko roba ɗaya ba ta motsa ba. Oga Thaddeus ya cire gilashinsa ya sake kallonsa, ya ce ya biyo shi ofis.

A ofis ya bi fom ɗin da yatsa har ya iso ɗan layin nan. Surajo ya rubuta kalma uku da hannunsa: an kore ni. Oga ya tambayi dalili da Hausarsa ta Kudancin Kaduna. Surajo ya faɗi komai, tun daga ruwan sama har ledar dabino. Da aka zo wajen dattawa uku a ɗakin baƙi, Oga Thaddeus ya yi dariya har ya share hawaye, amma ba irin dariyar da aka saba yi masa ba ce. Da ya natsu ya ce shi ma da mahaifinsa ya rasu, a motar burodi aka kai shi ƙauye, kuma har gobe yana gaida direban nan duk Kirsimeti. Ya ce hannu irin na Surajo ba a samunsa kullum, kora kuma ba a kansa aka fara ba. Surajo ya ji wani abu ya saki a ƙirjinsa wanda ya fi shekara a ɗaure. Har ya fara lissafa a ransa wace mota zai bi zuwa Abaji ran Asabar.

Sai Oga ya ɗauki biro, ya cire murfin, ya tsaya.

"Malam Surajo, abu ɗaya. Motar mu na magani ne, wani lokaci zai kwana a hannunka. Manaja zai tambaye ni, ni kuma ba na son in yi masa ƙarya. In aka sake mutuwa a unguwarku, babu mota, liman ya zo ya ce ina makulli, me za ka yi?"

Amsar a fili take, ko Zulai ta san ta. Oga ma da ido yake roƙonsa ya faɗa, biro yana kan takarda. Kalma biyu ce ko uku, ya ce ba zai bayar ba, shi ke nan, Ikhlas ta dawo. Surajo ya buɗe baki. Sai ya ga barandar masallaci, ruwa yana zuba, dattawa sun yi shiru suna kallonsa, makara a ƙasa. Ya nemi kansa a wurin yana cewa a'a, ya duba iya dubawa, bai ga wannan mutumin ba. Ya san da wani ne mai ɗaure fuska ya tambaye shi, wataƙila da ya karya rantsuwarsa ya wuce wurin. Amma wannan bawan Allah yanzun nan ya gama ba shi labarin gawar mahaifinsa.

"Oga," ya ce, "sai dai in roƙi Allah kada a yi mutuwa ranar da mota take hannuna."

Oga Thaddeus ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya mayar da murfin biro a hankali. Ya rako shi har bakin ƙofa, abin da ba a taɓa yi masa ba a duk yawon nan, ya riƙe hannunsa da hannu biyu ya ce za su kira. Dukansu sun san abin da hakan yake nufi. A motar da ta dawo da shi Dutse, Surajo ya zagi kansa, ya kira kansa wawa, sakarai, uban da bai san ciwon 'ya'yansa ba. Ya sake yi wa kansa tambayar ya fi sau ashirin ko zai samu wata amsa, bai samu ba.

Laraba ta wuce, Alhamis ta wuce, waya ba ta yi ƙara ba. Ran Juma'a aka yi wa Alhaji Badaruddeen bikin sallama a ofis, ya dawo da agogon bango a kwali da ƙaton hotonsa cikin gilashi. Bayan la'asar ya sami Surajo a zaure, ya zauna kusa da shi a tabarma ya tambayi yadda aka yi a Idu. Surajo ya gaya masa. Tsohon yana murza carbi, idonsa ya ciko. Can sai ya ɗago da ƙarfinsa, ya ce ai wannan Ogan da alama mutumin arziki ne, magana ce ta manya. Gobe da safe zai saka riga, ya ɗauki liman da mai unguwa, su je har Idu su yi masa bayanin ko wane ne Surajo.

Surajo ya kama hannunsa ya riƙe gam.

"Baba, don girman Allah, kada ku sake zuwa ko'ina saboda ni."

Bai taɓa yi masa magana haka ba. Alhaji ya dube shi, ya tashi ya shiga gida, ya manta da agogon a kan tabarma.

Ran Lahadi da hantsi Safara'u ta kira. Ta gaishe shi, ta tambayi jikin Alhaji, ta yi ta kewaye-kewaye ba ta tambayi abin da ta kira dominsa ba. Yana jin muryar Ikhlas a kusa tana cewa a tambayi Baba ko ta haɗa kayanta. Surajo ya fita waje ya jingina da bango, ya kalli harabar masallaci inda har yanzu akwai baƙin tabon mai a wurin da bas take kwana.

"Maman Ikhlas," ya ce, "ki kai ta wajen tela yau. Ki ce ya ɗan saki yunifom ɗin, kada ya ɗinka daidai jikinta. Za ta daɗe tana sawa."